Alhaji Abubakar Imam: Marubucin da Ya Cika Rumbu a Wata 6

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan, musamman mu da muka fito daga Funtua, Malumfashi, Bakori, Ƙafur, Ɗanja da Faskari, wanda bai taɓa riƙe Magana Jari Ce a hannunsa ba. Wani a firamare ya karanta, wani a sakandare, wani kuma a akwatin babansa ya tsinci tsohon kwafi da bangonsa ya yage. Mun san Waziri Aku, mun san Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja, amma mutumin da ya haife su da alƙalaminsa, sunansa kawai yawancinmu muka riƙe.

Abin da ya sa na ga ya dace mu waiwayi rayuwarsa a wannan fitowa shi ne yawan masu sha'awar rubutu a cikinmu. Duk farkon shekara za ka ji wani ya ce bana sai ya gama littafinsa, wata ta ce bana za ta shiga gasa. Shekara ta zagayo, littafi na nan a babi na 3. To ga mutumin da ya rubuta littafinsa na farko yana da shekara 22, shekarun da yawancin 'yan ajin ƙarshe ke ciki yanzu, ya rubuta babban aikinsa yana da 25, ya zama editan jarida kafin ya kai 30. Ya cancanci a duba yadda ya yi.

Daga Kagara Zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara, wanda a lokacin yake cikin lardin Kwantagora, yanzu kuma yana cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da tawada yaron ya buɗe ido. Wannan tushe na karatun addini da Larabci ya yi masa rana daga baya, domin da shi ya iya shiga littattafan Larabawa ya ɗebo abin da ya ɗebo.

Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi nesa, yana koyarwa a Katsina, daga baya ma ya zama Walin Katsina. Ta dalilinsa ne Abubakar ya dawo ƙasar Katsina ya shiga makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar horon malamai da ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda daga baya aka mayar da ita Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina.

Ke nan a 1932 malamin makaranta ne sabon hannu, da ajinsa da allinsa da tulin littattafan yara na dubawa. Ba shi da ɗakin karatu na kansa, balle wata maɗaba'a da ke jiran sa.

Gasar 1933

A wancan zamani Hausa na da ɗimbin rubutu a ajami, waƙoƙi da littattafan addini da wasiƙu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littattafan hira a boko, waɗanda yaron da ya koyi karatu a makaranta zai ɗauka ya karanta don nishaɗi. Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ita ce ke da alhakin samar da abin karatu. Shugabanta, wani Bature mai suna Rupert East, ya zagaya manyan garuruwan Arewa a 1933 yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai.

Littattafai 5 ne suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Ku duba, biyu daga cikin biyar ɗin 'yan gida ɗaya ne, wa da ƙane.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan ƙeta, gobe wancan ya rama. Wanda ya san maƙamomin Larabawa, irin na Hariri, zai gane inda aka samo wannan tsari na mutum biyu masu ta haɗuwa a gari daban-daban. Sai dai barkwancin da maganganun na Hausa ne tsantsa, shi ya sa har yau ake dariya in an karanta.

Akwai wani abu da ya faru tsakanin rubutawa da bugawa wanda ba a cika faɗa ba. Da East ya karanta abin da matashin malamin ya aiko, ya yaba, amma ya nuna masa cewa wasu labaran an ɗauko su daga littattafan da aka sani ba tare da an sarrafa su sosai ba, ya nemi a gyara. Ka ƙaddara kai ne, kana da shekara 22, ka zuba ƙarfinka ka gama littafi, sannan a dawo maka da shi a ce da sauran aiki. Da yawanmu nan za mu yi fushi, mu ce hassada ce, mu ajiye biro. Shi kuwa ya karɓi gyara, littafi ya fito, ga shi shekara wajen 90 ana karanta shi a makarantu.

Wata 6 a Zariya

East ya ga abin da ke cikin wannan matashi, sai ya nemi a ba da aron sa daga Katsina zuwa Hukumar Talifi. A 1936 Abubakar Imam ya tafi Zariya na wata 6, da aiki guda a gabansa: ya rubuta littattafan karatu da za su ishi makarantu. An tara masa littattafan labarai na Larabawa, na Indiya da na Turai, ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta, East na karantawa suna tattaunawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi na 1 da na 2 da na 3, wanda aka fara bugawa a 1937.

Mu ɗan yi lissafi, tunda a nan makarantar an koya mana shi. Labaran da ke cikin littattafan uku sun haura 80. Wata 6 mako 26 ne. Ke nan kowane mako sai labari 3 ko fiye sun kammala, babu kwamfuta, babu intanet, da alƙalami da takarda. Mako ɗaya ya wuce ba a yi ba, na gaba ya zama 6. Wanda ya taɓa barin kundin kammala karatunsa sai saura kwana 10 ya san yadda irin wannan bashi yake taruwa.

Abin da ya sa aikin bai tarwatse ba shi ne tsarin da ya gina tun farko. Bai zuba labarai barkatai kamar an zazzage buhu ba, sai da ya yi musu gida. A littafi na 1, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, aku na riƙe ɗansa Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. A na 2, akun, wanda ya riga ya zama Waziri, yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na 3 yana koyar da ɗansa Fasih. Da wannan tsari, duk labarin da ya rubuta yana da gurbin da zai shiga, kuma a kowane lokaci ya san inda ya kai da abin da ya rage. Kamar manomin da ya yanka kunyoyinsa ne kafin ya fara shuka.

Masana sun yi dogon bincike a kan inda labaran suka fito. Cikin waɗanda suka fi zurfafawa akwai ɗan yankinmu, Farfesa Ibrahim Malumfashi, mai littafin Adabin Abubakar Imam, wanda ya bi sawun labarai da dama har zuwa tushensu, irin su Dare Dubu da Ɗaya, Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Wasu in sun ji haka sai jikinsu ya yi sanyi, su ce ashe aro ne. Ni a ganina wannan binciken ƙara fito da gwanintarsa ya yi. Ya ɗauki labarin da aka haifa a Bagadaza ko a wani ƙauyen Jamus, ya tuɓe masa kayan can, ya sa masa riga da hula, ya ba shi sarki da fadawa da kasuwa da alƙali, ya sa masa karin magana a baki, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Darasin da aka ba shi a kan Ruwan Bagaja, wato kada a ɗauko abu ɗanye a ajiye, shi ne ya zama ƙarfinsa a Magana Jari Ce. Shekara 3 ce kawai tsakani.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Lokaci ne na ɗar-ɗar, Yaƙin Duniya na Biyu na ƙaratowa, jita-jita ta cika gari, har da masu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnatin Turawa na son hanyar isar da nata bayani. Sunan jaridar kansa wasa ne da kuɗinta, domin kwabo ɗaya ake sayar da ita.

Aikin jarida ya sha bamban da na littafi. Marubucin littafi na iya cewa yau kansa bai buɗe ba, sai gobe. Edita ba shi da wannan gata. Ranar fita in ta zo, ko da zazzaɓi sai shafuka sun cika. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya aka matso da fitowar. Ya riƙe wannan aiki har 1951, shekara 12 ke nan yana rubutu a ƙarƙashin wa'adi.

A nan ya sami masu duba aikinsa da suka fi East yawa, wato masu karatu. Wasiƙu na zuwa daga ko'ina a Arewa, daga malaman makaranta, ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa, wasu na yabo, wasu na ƙorafi, wasu na gardama. Ta haka jaridar da aka kafa don gwamnati ta yi magana ta zama wurin da talaka mai ilimin boko ke mayar da magana. Shi kuma edita yana tsakiya, Turawa a gefe, sarakuna a gefe, matasa masu zafin kai a gefe, kowa na ganin bai yi masa daidai ba. Ya kuma sha aikin nemo wa sababbin abubuwa suna, domin labarin yaƙi da jiragen sama da majalisu duk sai an faɗe su da Hausar da mutumin ƙauye zai gane in an karanta masa. Salon Hausar jarida da muke gani yau, da yawansa a teburinsa aka fara saƙa shi.

Ingila, Siyasa da Aikin Gwamnati

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya shiga tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa ranar 'yancin kai, Abubakar Imam bai sa hannu ba. Damuwarsa ita ce Arewa na baya ƙwarai a ilimin zamani, kuma yana ganin sai an fara gyara wannan. Ko mutum ya yarda da matsayinsa ko bai yarda ba, ya tsaya a kan abin da ya gani a gaban mutanen da suka fi shi suna. A wannan tafiya ya gana da Lugard, tsohon gwamna, ya kuma rubuta masa wasiƙu a kan matsalolin Arewa. Da ya dawo bai bar tafiyar ta tafi a banza ba, ya mayar da ita littafi, Tafiya Mabuɗin Ilimi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, aikin ɗab'i ya faɗaɗa. Yana cikin 'yan bokon da suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta zama NPC, kuma a farkon shekarun 1950 ya zama ɗan majalisa. Bai daɗe a siyasa ba ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, zamanin Yaƙi da Jahilci, lokacin da manya ke koyon karatu ana neman abin da za a ba su su karanta. Daga nan ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Duk da waɗannan ɗawainiyoyi alƙalami bai bushe ba. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai Ikon Allah da suka rubuta da East a kan halittu da ilimin kimiyya, akwai littattafan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na sahabbai, akwai Haji Mabuɗin Ilimi. Amma gaskiya guda ita ce bai sake fitar da littafin ƙagaggun labarai mai girman Magana Jari Ce ba. Jarida da siyasa da aikin hukuma sun ci lokacin, kuma hankalinsa ya karkata ga ilmantarwa da addini. Mai son adabi zai ji takaicin haka. Shi dai kowane zamani na rayuwarsa ya duba abin da jama'a ke buƙata a lokacin ya rubuta shi.

Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Zariya ranar Juma'a 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

Lissafin Kaka

Mu 'ya'yan manoma ne, ba sai an koya mana yadda ake ɗaura niyyar shekara ba. Tun bazara baba ke zama ya ce bana gonar fadama masara za a sa, ta tudu auduga ko waken suya, ga buhun taki kaza, ga kuɗin ƙwadago kaza. Ba ya tsayawa a kan cewa yana son ya zama babban manomi. Ya san ranar huɗa, ya san ranar noman fari da maimai, ya san in ya makara da mako biyu ciyawa ta ci gona. In kaka ta yi kuma ba ya ruɗin kansa, buhu ake ƙirgawa, a kai Dandume ko Funtua a ga abin da kasuwa ta ce. In an faɗi, a san dalili, ko iri ne, ko taki ne, ko ruwa ne ya ɗauke da wuri. Abin mamaki, in muka zo kan rubutu sai mu manta da duk wannan.

Rayuwar Abubakar Imam ta bi irin wannan lissafi. Kowane babban aikinsa yana da ranar da za a miƙa shi: gasa tana da ranar rufewa, aron da aka ba da shi wata 6 ne, jarida tana da ranar fita. Wanda ya ce zai rubuta littafi wata rana, wata ranar ba ta cikin kalanda. Yau ma akwai ƙofofi masu wa'adi, kamar gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata marubuta, ga kuma mujallar nan da kuke riƙe da ita, wadda kullum editocinta ke yawon neman rubutu. Ka ɗauki ɗaya ka ɗaure kanka da ita.

Sannan babban buri sai an yanka shi gunduwa-gunduwa. Labari 80 abin tsoro ne, labari 3 a mako aiki ne da mutum zai iya dubawa ran Juma'a ya ce na yi ko ban yi ba. Ɗalibin da ke da lacca da jarrabawa ba zai iya gudun wanda aka ɗauke wa aikin aji na wata 6 ba, kuma babu laifi a haka. In shafi 2 ne a mako, a shekara ya haura shafi 100. Ƙaramin littafi ke nan.

Abu na gaba ya fi ɗaci, wato samun wanda zai karanta ya faɗa maka gaskiya. Yanzu mutum na sa babi a Facebook ko WhatsApp, kafin minti 10 an cika shi da yabo da addu'a da neman ci gaba. Daɗi ne da shi, amma ba ya gyara jimla ko ɗaya, shi ya sa labarai da yawa ke mutuwa a tsakiya in yabon ya ja baya. Mutum ɗaya da zai ce maka wannan babin ba naka ba ne, ko wannan tauraron ba ya magana kamar ɗan Adam, ya fi masu tafi 100. Ka neme shi cikin malamanka ko abokanka masu karatu, in ya faɗa kuma ka daure.

Haka nan karatu. Kafin ya rubuta Magana Jari Ce sai da aka jibge masa littattafai. Gonar da ba a zuba wa taki ba, kowa ya san abin da take bayarwa. Duk wanda ya sa burin shafukan da zai rubuta bana, ya sa na littattafan da zai karanta a gefensa, na Hausa da na wasu harsuna, har da sauraron tsofaffin gidansu, domin karin maganar da ta ƙawata rubutun Imam a bakin mutane ya tsince ta.

In ƙarshen shekara ya zo, a zauna a ƙirga kamar yadda ake ƙirga buhu. Me na ce zan yi, me na yi, me ya hana? Wani zai tarar burin ne ya fi ƙarfin lokacinsa, sai ya rage. Wani zai tarar ashe waƙa ce ta fi zauna masa, ko rubutun jarida, ko fassara, sai ya juya. Mutumin da muke magana a kansa ya tashi daga labari ya koma jarida, ya tashi daga jarida ya koma tarihi da addini, bai daina rubutu ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

'Yan uwa 'yan ajin ƙarshe, nan da 'yan watanni za mu watse, wasu su ci gaba da karatu, wasu aiki, wasu su koma gona da kasuwa. Labaran yankinmu, na masu cirar auduga, na 'yan dako a kasuwar hatsi, na ƙauyukan da rashin tsaro ya tayar, na matan da ke riƙe gidaje da sana'ar hannu, yawancinsu suna nan ba a rubuta ba, kuma mu ne muka san su ciki da bai. Malamin Midil ɗan shekara 22 bai jira ya zama wani ba kafin ya aika da rubutunsa Zariya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya kai haske kabarinsa, Ya sa abin da ya bari ya ci gaba da amfanar na baya. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon gama abin da muka fara.